Ragar da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, domin ɗan'uwanku Haruna bai iya magana a hankali ba, kuma zanan ɗakina ba bango ba ne. Kuna cewa Baba ya kusa kashe kansa saboda tsoron wuƙar likita. Jikoki ma sun ɗauka, har ƙaramarsu takan ɗago mini wuƙar yanka albasa ta ce in gudu. Ban hana su ba, wasan jika ne. Amma tunda Allah Ya ara mini kwana, hannuna kuma bai fara rawa ba, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance. Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Allo na yi, sai 'yan shekaru a makarantar gwamnati ta Suki, daga nan hawasha ta ɗauke ni, gonar ban-ruwan da na gada a hannun mahaifina. Abin da na aikata a waccan shekara ya fi tsoro muni, kuma har yau akwai gefen maganar da ban gane ba. Zan faɗi wanda na gane, in faɗi wanda ban gane ba, ku roƙa mini gafara a kan duka biyun.

Ƙaba ce ta kama ni a gefen dama. Ta daɗe tana zuwa tana komawa. In na ɗaga buhu ta fito, in na kwanta na danna ta shige. Ban faɗa wa kowa ba sai Innarku Hajara, ita ma don idonta ya gani ne. Da ta kai ba na iya sunkuyawa in buɗe wa ruwa hanya zuwa cikin shuka, Haruna ya sa ni a mota sai asibitin Sinja. Likitan yaro ne mai ladabi. Ya ce bangon cikina ya yage kamar tsohon buhu, naman kuma ya yi laushi, ɗinki kaɗai ba zai riƙe ba. Ya ce za su shimfiɗa shabaka a ciki, wato raga, su ɗinke ta da nama. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ɗauko guntu ya miƙo mini, fara mai ƙananan idanu, da ɗan tauri kamar gidan sauron da aka sa wa sitaci.

"Roba ce, ya Hajj," in ji shi. "Ba ta ruɓewa. Har ƙarshen rayuwarka tana nan."

Don in ji daɗi ya faɗa. Na ce, "Bayan ƙarshen fa?"

Ya yi dariya, ya zaci raha nake yi.

Kun san tun ina saurayi ina cikin masu haƙa kabari a garinmu. Ba sana'a ba ce. In an yi rasuwa sai mu ɗauki diga da shebur mu riga jama'a zuwa. Maƙabartarmu ta tsufa ta cika, tun zamanin kakanninmu da suka yada zango nan a hanyarsu ta Makka, saboda haka wani lokaci haƙa takan faɗa gefen tsohon kabari ba da niyya ba. Abin da na gani shekara da shekaru shi ne baƙar ƙasar nan tamu ba ta barin komai. Likkafani ta ci, nama ta ci, ƙashi ma in an ba ta lokaci. Wannan yana kwantar mini da hankali: mutum ya koma inda ya fito, ba a bar shi da kaya a hannu ba. Sai wata rana shebur ɗina ya ɗago wani dogon zare fari tas, yana lanƙwashe-lanƙwashe bisa sawun ɗinki. Likkafanin ya tafi, mai shi ya kusa gama tafiya, amma zaren nailan ɗin da aka ɗinka shi da shi yana nan kamar jiya aka sayo. Na mayar na rufe, ban nuna wa kowa ba. Tun daga ranar, duk likkafanin da za a ɗinka a garin nan sai na je da kaina na tabbata zaren auduga ne, har mata suka sa mini suna Mai-duba-zare. To ni da na hana wa gawar mutane zare ɗaya, a ce in shiga kabari da raga guda a cikina? Na riƙa ganin ƙasa ta karɓi komai nawa ta bar wannan, yadda ake ture abin da ba a so gefen akushi. Ban san ko zunubi ne ba. Ban ma san sunan abin da nake tsoro ba. Na dai ce wa Haruna mu koma gida, shi kuma ya ɗauka wuƙa ce.

Yayarku Uwani, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanta na yanka ba, tana birnin Madani a lokacin. Da ta ce za ta karanta ilimin zare da saƙa a jami'a, mun zaci tela za ta zama, har Innarku ta fara maganar keken ɗinki. Shekaru suka wuce ba ta ɗinka wa kowa ko hula ba. Abu ɗaya na sani: duk lokacin sanyi takan ce in ware mata ƙaron dakwara, wadda Larabawa ke kira hashab, daga itatuwan da nake tsagawa a bayan gari in an gama girbi. Mai haske take so, wanda bai taɓa ƙasa ba. Na ɗauka tawada take yi da shi, ko ƙawayenta ke so. Wannan ma yana cikin laifina. 'Yata ta yi shekaru tana aiki da abin da hannuna ya tsinko, ban taɓa cewa me kike yi da shi ba.

Innarku ce ta kira ta a waya. Ta zo ranar Alhamis, bayan la'asar ta same ni a rumfa, ta ajiye faifai a gabana da guntayen raga biyu a kai. Ɗaya irin ta likitan Sinja ce. Ɗayar ta ɗan yi ja-ja kamar shayin da bai ji ganye ba.

"Baba, jiƙa yatsanka ka shafa wannan."

Na jiƙa na shafa. Santsin da na ji, tun ina yaro na san shi a yatsuna.

"Ƙarona ne?"

"Naka ne. Jiki ba ya son roba, Baba. Baƙuwa yake ganinta, sai ya yi faɗa da ita, wurin ya kumbura, wani lokaci hanji ya manne mata, ko ƙwayoyin cuta su yi gida a idanunta. To mu muna yi mata, ya'ani..." Ta juya wajen Innarku, don Hausarta takan ƙare mata a tsakiyar magana, Larabci ya fi zama a bakinta.

"Riga," in ji Innarku.

"Riga. Muna sa mata riga da abin da Allah Ya halitta, ƙaro da wani abu da ake cirewa daga ɓawon ƙaguwa, don jiki ya karɓe ta da sallama."

"Ƙaguwa kuma? A cikina?"

"Ɓawon kawai, Baba, an tace shi ya zama gari."

"To ai ƙaro narkewa yake a ruwa. Ciki kuwa ba busasshen wuri ba ne."

Sai na ga idonta ya kawo haske, irin wanda ban taɓa gani ba, don ban taɓa tambayarta komai ba. Ta ce aikin ke nan gaba ɗaya. Roba ba ta shan komai, in ka zuba mata ƙaro zamewa yake yi. Sai an fara karce fuskar kowane zare, karcen da ido ba ya gani, sannan a ɗaure ƙaron da garin ɓawon nan yadda zai daɗe kafin ya narke. In ya narke da wuri, aikin banza. In ya ƙi narkewa, nama ba ya samun wurin kamawa. Rabin bayanin ya bi ta saman kaina, rabin da ya shiga kuma ya haifar mini da wata sabuwar damuwa. A kasuwar ƙaro, wanda ya zuba mai kyau a bakin buhu ya ɓoye marar kyau a ƙasa, algus ya yi. Na ce mata wannan ba yaudarar jiki ba ce?

"Baba," in ji ta, "baƙon da ya sa rigar gida, ya zauna ya riƙe gidan, ai mu ne a ƙasar nan."

Innarku ta yi dariya har da riƙe ciki. Na zauna ina juya guntun nan a hannu, na ce a raina in ƙarona zai shiga tare da ita, kamar na tafi da guntun gonata ne. Wataƙila ƙasa ta ga rigar ta yi wa mai rigar afuwa.

"To halas, shi ke nan," na ce. "In taki za a sa, na yarda."

Uwani ta buɗe baki za ta yi magana. Na ga Innarku ta taka mata ƙafa, ban kawo komai a raina ba, suka tashi suka shiga madafa. Abin da suka faɗa a can, Innarku ce ta gaya mini bayan an daɗe.

"Ki bar shi hakanan. Wa za shi buɗe cikinai shi duba?"

"Inna, ƙarya ce."

"Ƙaryar da ta tsai da mutum bisa ƙafafunai, Allah na yafe ta."

"In wani abu ya faru fa? Ya ce ƙaronsa ya cuce shi, ko 'yarsa? Bari ya huce, gobe da yamma in faɗa masa."

Ban ba ta zuwa yamma ba. Washegari bayan sallar Juma'a dattawa suka biyo ni rumfa shan jabana, gahawarmu ta tukunyar ƙasa, kowa yana tambayar jiki, don zuwa lokacin babu wanda bai ji labarin ƙabata ba. Girman kai ya hau ni. Na ce ni ba ta kanti za a sa mini ba, 'yata ce ta yi mini tawa da ƙaron itatuwana. Na ƙwala mata kira ta kawo faifan a gani. Ta zo ta durƙusa a bakin rumfa, kanta a ƙasa, ta yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji, amma rumfar ta riga ta yi tsit.

"Baba, tawa ba ta kai ga mutum ba tukuna. A jikin ɓeraye muke gwadawa. Ta likita za a sa maka, marar riga. Ita ma lafiya lau take, mutane da yawa suna yawo da ita."

Kunya ta rufe ni, kuma maimakon in haɗiye ta sai na juye mata a kai.

"Ashe shekarun nan duka ɓeraye kike yi wa sutura da ƙarona? Da keken ɗinkin munka saya miki, da ko ƙannenki sun samu riguna."

Dattawa suka fashe da dariya. Ba su yi da mugunta ba, ni na ba su. Ta ɗauki farin guntun ta tashi, ta bar mai rigar a kan faifai, ban san ko mantawa ta yi ba ko bar mini ta yi. Da safe ta durƙusa ta yi mini sallama kamar kullum, ta koma Madani. Yarinyar da ta ƙi yi mini ƙarya don ta girmama ni, ita na mai da abin dariya a gaban mutane. Ku rubuta wannan a gabana in kuna lissafa halina.

Na je wajen limaminmu Malam Bello, abokina tun muna allo, na gaya masa zancen zaren da na tono, karo na farko da na faɗa wa wani.

"Mi ne hukuncin wanda anka rufe da roba a cikinai?"

"Hukuncin mai haƙorin Makka, da mai ƙarfe a cinya. Haba Isa! Wanda za Shi tattara ƙasusuwanka bayan sun zama gari, raga ce za ta ruɗa Shi? Tashi ka tafi a yi maka aiki."

Na san gaskiya ya faɗa. Kaina ya yarda, amma wani wuri a ƙirjina bai yarda ba, don ni ba tashin ƙiyama nake shakka ba, ƙasar nake jin kunya. Na kasa yi masa bayani, don ni ma ban iya yi wa kaina ba. Sai na yi abin da na iya. Na ɗauki guntun Uwani na kai shi gefen hawasha, na haƙa rami na binne, na kifa wuyan fasasshen tulu a kai don in gane wurin. Na ce in ga abin da ƙasa za ta yi da shi zuwa ƙarshen damina. Ku dubi wautar. In ta ci, ba ita za a sa mini ba. In ba ta ci ba, ban shirya abin da zan yi ba. Innarku tana ta magiya in tafi kafin ruwa ya rufe hanya, ni kuwa ina jiran amsa daga rami.

Ruwa ya sauka, hanyarmu ta zama abin da kuka sani, laka mai cire wa mutum takalmi. Wata safiya na sunkuya zan jawo buhun iri, ƙabar ta fito ta ƙi komawa. Na kwanta na danna, na yi addu'a na danna, ta yi tauri kamar dutse. Kafin azahar ina amai, ban san wanda ke kaina ba. Mota ba ta shiga ba ta fita. Haruna ya aro tarakta aka ɗora ni da gadon igiya a bayanta, Innarku tana riƙe da kaina, har aka kai ni kwalta. Da na farfaɗo a Sinja, likitan nan ya ce hanjin da ya maƙale ya mutu, sun yanke kamar tsawon tafin hannu sun haɗa. Raga kuwa ba su sa ba, don wurin ya ƙazantu, ba a sa ta a cikin ƙazanta. Ya ce ɗinkin da suka yi na ɗan lokaci ne, sai na dawo. Wato na sha wuƙar, na rasa hanji, kuma tambayar tana nan inda na bar ta.

Uwani na fara gani a gefen gadon. Ta zauna da ni har aka sallame ni, ta biyo ni gida, ita ke wanke ciwon safe da yamma har ya kame. Ba ta tayar da zancen rumfa ba, ni ma na yi kamar ban tuna ba. Sai bayan ta koma Innarku ta ce mini:

"Ka san mi ka ja mata? Ɓerayen nan da ka yi wa dariya, akwai lokacin da aka ɗiba don duba su. Ya wuce tana nan tana wanke maka ciki. Aikin shekara ya lalace, daga farko za ta sake. Ba ta faɗa maka ba, kuma ba za ta faɗa ba."

Da lokacin kaka ya yi, Uwani ta zo hutu. Na ce ta raka ni hawasha, ina dogara sanda, ban gaya mata dalili ba. Na sami wuyan tulun, ciyawa ta kusa rufe shi. Na durƙusa na tona da hannu. Na fara ganin gefen ragar, jan nan duk ya tafi, ta koma fara tas kamar zaren da na tono a maƙabarta. Na kama zan ɗago, ta ƙi tasowa. Sai da na sa wuƙa na yanka kewaye, ta fito da faifan ƙasa guda a jikinta. Saiwar ciyawar ƙiri-ƙiri ta bi ta kowane ido ta fita ta wancan gefe, ta saƙe ta, ba ka iya raba raga da ƙasa sai ka yaga ɗaya.

Uwani ta karɓa ta ɗaga ta a rana. Ta gane guntunta. Ta daɗe tana dubawa.

"Binne ta ka yi, Baba?"

"Na so in ga ko ƙasa za ta ci." Daga nan na gaya mata zancen zaren likkafani, duka.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba tun farko?"

"Ban san yadda ake faɗinsa ba. Ga shi kuwa ba ta ci ba."

"Ba ta ci ba. Amma ba ta tofar ba. Dubi saiwar nan, Baba. Haka nama yake yi, ya bi ta idanun ya riƙe ta, har ta zama bangon. Mai riga da marar riga duk nan suke ƙarewa, rigar sauƙin isowa take kawowa."

Na kalli abin nan a hannunta. Tsorona ya tabbata, maganarta ma ta tabbata, a guntu ɗaya. Har yau ban san wanne ya rinjayi wanne ba. Na so in roƙe ta gafara, amma abin da ya fito shi ne:

"Ɓerayen naki suna lafiya?"

"Sababbi ne, Baba."

"Ki yafe mini, uwata."

"Tashi, Baba, ƙasar da sanyi, kada ɗinkin ya motsa."

Da sanyi ya shigo na koma Sinja da ƙafata aka sa mini ragar, fara, marar riga. Tana nan a cikina yanzu da nake rubutun nan, in na tari nakan ji kamar tana riƙe da ni. Kada ku ɗauka na warware komai. Har gobe in za a ɗinka likkafani sai na je duba zare, matan kuma sukan ce Malam Isa, kai da raga guda a ciki? Nawa ma, in lokaci ya yi, da zaren auduga za ku ɗinka. Abin da ke ciki ku bar wa ƙasa da saiwar ciyawa, su san yadda za su yi da shi.

Yaƙin da ya tarwatsa ƙasar nan ya cinye ɗakin aikin Uwani a Madani, yanzu tana can nesa ta sake ɗaukowa daga farko. Ƙaro dai ina ware mata mai haske kowace shekara, ko da babu mai kai mata. Shekaranjiya ta kira, na yi mata tambayar da nake yi kullum tun ranar hawasha.

"Ta kai ga mutum?"

"Tukuna, Baba."

"To ki hanzarta. Gefen hagu ya fara motsi, kuma ni mai riga nake so a wannan karon. Zan jira."

"Za ka me? Ba Haruna wayar."

"Uwani, ai ƙarona ne..."

"Baba. Ba Haruna wayar."

Na ba shi. Ranar Asabar za mu Sinja. In kun ji an ce Baba ya tafi ba gardama, wannan kam ku yarda.